Gudu a fili ko a nadi? Amsa ga wani ɗan'uwa a Madina

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Shekarata 47, ina tsaron shagon tsaraba kusa da Harami a Madina, tun tara na safe har bayan isha'i, kullum cikin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. An auna jinina an ce sukarina yana bakin iyaka, 6.1. Ba a ɗora ni a kan magani ba, an dai ce in rage ƙiba in riƙa motsa jiki. Ɗana ya ce in yi rajista a nadi, wato gidan motsa jiki, in riƙa hawa injin gudu, abokina kuma ya ce fita fili ta fi. Da gaske akwai bambanci? Kuma da irin zafin ƙasar nan, fitar ba ganganci ba ce? Ina kuma tsoron kada gudu ya ci mini gwiwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya sa an tari abin da wuri. Aikina gashin ƙashi ne da gyaran gaɓɓai, a garin nan nake yinsa, kuma da wuya mako ya wuce ban zauna da wani mai irin halinka ba: ɗan kasuwa ko direba ko ma'aikacin otal, wanda rana ke fitowa ta faɗi bai gan ta ba.

Ɗanka bai yi kuskure ba. Zuciya ba ta san ko a kan inji kake ba ko a kan turba, aikin da ka ba ta kawai ta sani. Amma da kai yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, fili zan tura ka, bayan sallar asuba, kuma da tafiya za ka fara ba da gudu ba. Nadin sai mu ajiye shi don watannin da Madina ke zama tanderu.

Mu fara da 6.1 ɗin nan. Awon da aka yi maka yana nuna matsakaicin sukarin jininka na kusan wata uku. Daga 5.7 zuwa 6.4 ana cewa mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari, daga 6.5 kuma ya shiga ɗaki. Kana bakin ƙofa ke nan, kuma daga nan ana komawa. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutum 3,234 masu irin matsayinka. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wato maganin sukari, kashi 31 ya ragu. Ka ga ƙafa ta fi ƙwaya aiki a wannan matakin. Dalili kuwa, tsokar cinya da ta sha-raɓa in suna aiki sukan zuƙe sukari daga jini ko da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, bai yi musu jagora ba, kuma bayan ka gama jiki yakan ci gaba da jin maganar insulin har kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa ba na son kwana biyu su wuce a jere ba ka fita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu. Rabin awa sau biyar a mako ya cika maka mudu.

Gudun ma ba sai mai yawa ba. A 2014 an wallafa binciken da ya bi mutum sama da 55,000 na kimanin shekara 15. Masu gudu, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya yi ƙasa da na marasa yi da kashi 45, kuma har masu sassarfar minti biyar zuwa goma a rana sun samu rabonsu. Ajali na Allah ne, amma riƙo da sababi shi ma umarninsa ne.

Duk wannan za ka iya samunsa a nadi. To me fili ya ƙara?

Na farko, kuma a wurinka shi ne babba, haske. Shagonka ya sha fitilu, na sani, har ido kan ɗauka kamar rana ce. Amma in aka sa ma'auni, hasken waje da safe, ko a inuwa kake, ya ninka na cikin shago sau goma ko fiye. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da ke tsara barci da farkawa da yunwa, kuma hasken da ya shiga ido da safe ne ke saita shi kullum. Mutumin da ya tashi cikin labule, ya shiga mota mai baƙin gilashi, ya yini a mukayyif, ya dawo ya zauna da waya a hannu har ɗaya na dare, agogonsa ya ɓata. Barci ba ya zuwa da wuri, in ya zo ba ya nauyi, sai cin dare ya shigo, shinkafar kabsa ko soyayyar kazar buros ƙarfe goma sha ɗaya, a kora da lemon kwalba. Ƙarancin barci kansa yana taurara jiki ga insulin. Mutane da dama da na tura fitar safe, abin da suka fara kawo mini labarinsa ba nauyi ba ne, cewa suke yi, "Likita, yanzu ina kwanciya sai barci." In daga mukayyif ɗin shago ka koma mukayyif ɗin nadi, ka motsa jiki, amma wannan rabon ya wuce ka.

A nan sai in gyara wata magana da ake yawan yi, wai fitar asuba tana ba da bitamin D. Ba ta bayarwa sosai. Ƙarancin bitamin D ya yi yawa a ƙasar nan duk da ranar da Allah ya hore mata, saboda kowa gudun ranar yake yi. Amma irin hasken da fata ke sarrafa shi da shi ba ya isowa da ƙarfi sai rana ta ɗaga, lokacin da inuwarka ta kusa tsawonka ko ta gaza shi. Gilashin taga yana tare shi, mu masu baƙar fata kuma mun fi farare bukatar daɗewa kafin mu samu abin da suka samu. Da sanyi, shan hantsi na 'yan mintuna hannu da ƙafa a buɗe yana taimakawa. Da zafi kada ka je ka shanya kanka don bitamin. Ka sa a auna maka shi, in ya yi ƙasa a rubuta maka ƙwaya.

Na biyu shi ne kai, wato tunani. Mai tsaron shago bakinsa da kunnensa ba sa hutawa: ciniki da Bahaushe, ciniki da Ba'indonesiye, lissafin haya, sabunta iƙama (takardar izinin zama), saƙon gida cewa a turo na makaranta. Jiki yana zaune, zuciya tana kai-kawo. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun marasa lafiyar da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagar ɗakinsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma sun fi su ƙarancin neman maganin ciwo mai ƙarfi. Kallo kawai ta taga. A 2015 masu bincike a jami'ar Stanford sun sa wasu tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu kuma a gefen babban titi, sai aka ga na farkon sun samu sauƙin saƙe-saƙen nan da ke cin rai. A 2019 kuma an tambayi kusan mutum 20,000 a Ingila, aka tarar waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a lambu ko daji ko bakin ruwa sun fi cewa suna jin lafiya da natsuwa, ko a rana ɗaya suka haɗa mintunan ko a rarrabe.

Za ka ce, to likita, waɗancan ƙasashen dazuzzuka ne, mu ina muka ga daji? Madina ba ta rasa ba. Garin dabino ne tun kafin hijira. Ka bi hanyar ƙafa da ta tashi daga Harami zuwa Masallacin Ƙuba, kimanin kilomita 3, wadda aka shimfiɗe aka hana motoci. Ni nakan bi ta ranar Asabar. Ana sallame sallah, kafin gari ya waye sosai, iska tana da ɗan sanyin da ba za ka sake jinsa ba sai gobe. Masu shara suna kan aiki, tattabaru sun sauko, ƙanshin burodin tamis yana fitowa daga tanderun da aka fara hurawa. Ga wani tsoho da sanda da carbi, ga matasa biyu cikin takalmin gudu, ga mata uku suna tafe suna hira ƙasa-ƙasa. Kafin ka kai, sararin gabas ya yi ja, kawunan dabinai sun fara fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Mutane suna tara kuɗin shekaru don su taka wannan hanya sau ɗaya, kai kuwa tana bayan shagonka. Sai dai ita ta tafiya ce, daɓenta dutse ne kuma akwai jama'a. In lokacin sassarfa ya yi, ka nemi lambun Sarki Fahad, ko mamsha, wato hanyar masu tafiya a ƙafa, ta unguwarku, ko ɓangaren Kwarin Aƙiƙ da aka gyara. Ranar hutu kuma ka je gindin Uhudu ka ga yadda ido ke hutawa in ya samu nesa.

Na uku, ƙasa. Bel ɗin inji santsi ɗaya ne, taku ɗaya ne ake maimaitawa sau dubbai a wuri ɗaya na gaɓa. Turba kuwa tana da hawa da gangara da kwana da tsakuwa, kowane taku da ɗan bambancinsa, idon sawu da ƙananan tsokokin tafin ƙafa da na ƙugu suna koyon riƙe ka. Wannan ne ke hana faɗuwa in shekaru sun ja. Rairayi ya fi kowa cin ƙarfi, gudu a kansa ya ninka na ƙasa mai tauri wajen sau ɗaya da rabi, don haka in kun fita barr, wato sahara, da iyali ka taka shi a hankali, yana gajiyar da agara.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da na'ura, wato ɗorewa. Na ga mutane da yawa sun biya kuɗin nadi na shekara, suka je sati uku. Fita ba ta son kuɗi ba ta son mota, kuma ga ka riga ka tashi, ka yi alwala, ka fito masallaci. Takalmi kawai za ka canza. In abokin nan naka da ya ba ka shawara zai riƙa jiranka a ƙofar masallaci, ka samu abin da ya fi kowane inji, domin kunyar mutum tana tayar da wanda ƙararrawa ta kasa tayarwa.

Yanzu zafi, kuma a nan nake so ka ba ni kunnenka duka, domin tsoronka yana kan hanya. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin ƙasar nan sun sanar da rasuwar alhazai 1,301, akasarinsu sun yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa. Allah ya jiƙansu. Gwamnati ma ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara. In an hana lebura mai jini a jika, kai mai shekara 47 ba ka da abin nema a wajen.

Abin da ke faruwa shi ne, in kana gudu tsoka tana hura wuta a ciki, jiki kuma yana tura jini zuwa fata don ya huce. Zuciya ta zama mai hidimar gida biyu, bugunta ya ƙaru ko da saurinka bai ƙaru ba. Gumi ne ke ceto, kuma ba fitarsa ke sanyaya jiki ba, bushewarsa ce. 'Yan'uwanmu na Jidda matsalarsu laima, gumi yana zuba yana jiƙa riga amma ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Mu a Madina namu akasin haka ne, kuma ya fi yaudara: iska busasshiya ce, gumi yana fita yana ɓacewa, riga a bushe, mutum ya ɗauka bai yi zufa ba alhali ya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya. Ka gwada da kanka. Hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa in ka dawo. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, ba kitse ba ne, kuma bashi ne sai ka biya. Ka duba fitsarinka na safe. In ya yi fari-fari kamar ruwan lemon tsami, madalla. In ya yi kalar shayi, ka sha ruwa tukuna, ranar tafiya kawai za ka yi. Kofi biyu kafin ka fita, ƙaramar gora a hannu, kurɓi-kurɓi. Kada kuma ka ɗura wa cikinka lita uku a tashi ɗaya don tsoro, yawansa yana tsinka gishirin jini, shi ma haɗari ne. Laban, wato nono, da ɗan gishiri bayan an dawo ya wadatar.

Da sanyin safiya ake kama fara. Mutanen garin nan sun fi son fita bayan isha'i, kuma da sanyi ba laifi. Amma da bazara kwalta da siminti da baƙaƙen duwatsun harra sun yini suna shan rana, da dare suke amayar da ita. Sa'ar da ta fi kowace sauƙi ita ce daga sallamar asuba zuwa fitowar rana, wadda a Yuni take fitowa wajen biyar da rabi. Ko a lokacin ma awon yakan kusa 30. Saboda haka daga Yuni zuwa Satumba, tafiya ta minti ashirin zuwa talatin a fili don haske da iska, gudun kuma a kai shi nadi, nan shawarar ɗanka ta yi rana. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, lokacin da safiyar Janairu ke sa mutum neman rigar sanyi, filin naka ne. Jiki yana sabawa da zafi, amma sai ya samu kwana goma zuwa sati biyu ana ƙara masa kaɗan-kaɗan, kai kuma da ka shekara a mukayyif daga farko za ka faro. Ranar da aka tashi da ƙura har Uhudu ya ɓace wa ido, kada ka fita. Ka kuma nisanci gefen manyan tituna, mai haki ya fi mai zaune shaƙar hayaƙi.

In kana tafe ka ji jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai mai sara, ko tsigar jiki tana tashi cikin zafi, ka tsaya, ka shiga inuwa, ka jiƙa kai da wuya. In ka ga wani ya fara sambatu ko tangaɗi, wannan ya wuce gajiya, a kira motar asibiti a 997, kafin su iso a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita. Nauyi ko matsewa a ƙirji, musamman mai sauka hannu ko haɓa, ba a jira a ga ko zai wuce. Kafin ma ka fara sassarfa, ka koma wa likitan da ya auna ka ya duba hawan jini ya yi maka awon zuciya, balle in kana shan taba ko a gidanku akwai wanda zuciya ta kayar da ƙuruciya.

Gwiwa kuma, ka kwantar da hankalinka. A 2017 an tattara bincike da dama a kan mutum sama da dubu ɗari, aka ga zaizayar gwiwa da ƙugu ta kama kashi 3.5 na masu gudun nishaɗi, kashi 10.2 na masu zaman dirshan, kashi 13.3 na masu gudun gasa mai tsanani. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyar jini, kamar soso yake, sai an matsa an saki yake shan abincinsa. Abin da ke cin gwiwa shi ne ƙiba da zama da gaggawa. Masu zuwa wurina da ɗingishi, kusan labarinsu ɗaya ne: sati na uku ne. Numfashi ya buɗe, mutum ya ji kamar ɗan ashirin, ya ninka tafiyarsa a rana ɗaya. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, agara da ƙashi kuwa sai watanni. Wani direba ya zo mini yana taka dunduniya kamar mai taka ƙaya, ya ce takun farko in ya sauko daga gado da asuba kamar an soka masa ƙusa. Da na tambaya, cikin silifas ya yi kilomita biyar, kwana huɗu a jere. Wata biyu muka yi muna gyaran abin da takalmi ɗaya da haƙurin sati biyu za su hana.

To ga yadda za ka yi. Sati biyu na farko, tafiya mai ɗan sauri ta minti ashirin, kwana biyar a mako. Ma'aunin saurin yana bakinka: ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla, amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba. Daga nan ka riƙa ƙara minti biyar kowane mako har ka kai arba'in. Sai bayan sati shida, in ba inda ke ciwo, ka shigo da sassarfa: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, sau takwas, kwana uku a mako, kana tsallake rana. Irin sassarfar da maza ke yi tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa, ba gudun tsere ba. Sau biyu a mako kuma ka yi tashi-zauna daga kujera ba tare da dafawa ba, sau goma har zagaye uku, ka riƙe bango ka ɗaga dunduniya ka sauke. Cinya mai ƙarfi ita ce garkuwar gwiwa. In sassarfar ba ta karɓe ka ba, ka tsaya a tafiya, binciken 2002 ɗin nan da tafiya aka ci nasararsa.

Takalmi ka saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, ka sa safa. Kullum in ka dawo ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Wannan ɗabi'a ce da nake so duk mai alaƙa da sukari ya koya tun ƙafarsa tana ji. Tunda ba ka shan magani, faɗuwar sukari ba abin tsoro ba ce sosai a wurinka, amma mai karanta wannan da ke kan insulin ko ƙwayoyin sukari irin su gliclazide, kada ya fita ba dabino uku a aljihu. Da azumi, wanda a shekarun nan yake faɗowa cikin sanyi, ka mayar da fitar bayan tarawihi, ko tafiya a hankali rabin awa kafin a sha ruwa.

Kada ka bar Hajiya a gida. Matanmu a nan sun fi mu zaman ɗaki, shagga ce, wato fulat, mai taga ɗaya, daga kicin sai falo, kuma su ne suka fi zuwa mini da ciwon baya da na gwiwa da sanyin ƙashi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Mamsha cike take da mata cikin abayarsu da takalmin gudu, ba mai kallon kowa. In da ƙananan yara a tafi da su ranar Juma'a ko Asabar, hasken waje yana rage wa yaro haɗarin raunin ganin nesa da zaman ɗaki da waya ke jawowa.

Yau da dare ka samo tef irin na tela, ka auna cikinka daidai cibiya, ka rubuta adadin da kwanan wata a bayan littafin shago. Sikeli yakan yi jinkirin motsi, amma ɗamara tana saurin faɗin gaskiya. Awon sukarin kuma kada ka sake shi kafin wata uku, domin ƙwayoyin jinin da ake aunawa kusan kwana 120 suke rayuwa, sai sababbi sun maye tsofaffi za a ga aikinka. In ka karɓo sakamakon ka turo mini shi tare da awon cikin, mu ga ko lokacin ƙara gudun ya yi.